Nazarin Tattalin Arziki: Tsadar Korar Masu Horar da 'Yan Ƙwallo a Jami'o'in Amurka

Ran 12 ga watan Nuwamba na shekarar 2023, Jami'ar Texas A&M ta ƙasar Amurka ta sallami mai horar da 'yan ƙwallonta, Jimbo Fisher, kwana ɗaya tak bayan ƙungiyarsa ta lallasa abokiyar karawarta da ci 51 da 10. Wannan sallama ta bar wa jami'ar bashin Dala miliyan 76 da ɗoriya, wanda za ta yi ta biya har shekarar 2031 ga mutumin da ya daina yi mata aiki. Ba kotu ce ta ɗora mata wannan nauyi ba. Ita da kanta ta sa hannu a kansa shekaru biyu kafin nan, a lokacin da babu wanda ke maganar kora.

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda aka fi sarrafa ta da hannu, mai kama da zari-ruga. Ko da yake ɗalibai ne ke buga ta, a manyan jami'o'i ta zama kasuwanci sosai. Akwai filayen wasa masu ɗaukar 'yan kallo fiye da dubu ɗari, ga kuma kuɗin gidajen talabijin: a shekarar 2022 rukunin jami'o'in nan da ake kira Big Ten ya sayar da iznin nuna wasanninsa na shekara bakwai a kan kuɗi fiye da Dala biliyan 7. Saboda haka mai horarwa kamar manajan darakta yake a babban kamfani, kuma a jihohi da dama albashinsa ya fi na kowane ma'aikacin gwamnatin jiha, har da gwamna.

Kuɗin sallamar nan ba garatuti ba ne, ba kuma fansho ba. Diyya ce da aka ƙayyade tun farko cikin kwantiragi, wato adadin da jami'a za ta biya idan ta soke yarjejeniya kafin cikar wa'adinta ba tare da mai horarwa ya aikata laifi ba. Shan kaye a fili, kome yawansa, ba ya cikin laifuffukan da kwantiragi ya ambata. Yawanci diyyar kan zama wani kaso ne na albashin shekarun da suka rage, don haka gwargwadon tsawon kwantiragi, gwargwadon nauyin da ke jiran jami'a.

Me ke sa hukumar jami'a ta amince da irin wannan sharaɗi? Dalili na farko shi ne ƙarancin haja. Masu horarwar da aka yi imani za su iya ciwo kofin ƙasa 'yan kaɗan ne, masu neman su kuwa da yawa, kuma wakilan da ke yi musu ciniki sun san haka sarai. Na biyu, akan ƙulla yarjejeniyar ne a lokacin da ƙungiya ke tashe, ana jin raɗe-raɗin wata jami'a na zawarcin mai horarwa, hukuma kuma na tsoron fushin magoya baya idan ya kuɓuce mata. Ƙarshen shekarar 2021 ya ishi misali. Cikin 'yan watanni, jami'o'i huɗu suka ba da kwantiragin shekara goma-goma: Texas A&M ga Fisher, Michigan State ga Mel Tucker, Penn State ga James Franklin, sai kuma LSU ta Jihar Louisiana ga Brian Kelly. Kafin ƙarshen watan Oktoba na 2025 an sallami dukkansu huɗun. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi kuwa shi ne, abin da kowace jami'a ta biya ya sha bamban ƙwarai, kuma bambancin ya samo asali ne daga 'yan saɗarori kaɗan a cikin takardun. Tun ran gini, tun ran zane.

Kwantiragin Fisher shi ne mafi tsanani. An ɗauke shi a watan Disamba na 2017 kan Dala miliyan 75 na shekara goma, sa'an nan bayan ƙungiyarsa ta yi rawar gani a kakar 2020 aka sabunta yarjejeniyar a 2021 zuwa kimanin Dala miliyan 95. An lamunce masa kuɗin baki ɗaya, kuma babu saɗarar da ta ce idan ya sami wani aiki za a rage abin da yake bin jami'ar. Tsarin biyan shi ne kimanin Dala miliyan 19.2 cikin kwana 60, sai kuma kimanin miliyan 7.2 kowace shekara har sau takwas. A nan akwai ɗan sauƙi da kanun labarai ba su cika nunawa ba: kuɗin da za a biya nan da shekara takwas bai kai darajar kuɗin hannu ba. Idan aka ɗauki ribar jari ta kashi 5 cikin 100 a matsayin misali, biya takwas ɗin nan da jimlarsu ta haura miliyan 57, darajarsu a ranar sallama ba ta kai miliyan 50 ba. Sauƙi ne, amma bai taka kara ya karya ba.

Na Franklin ya bambanta. An sallame shi a watan Oktoba na 2025 bayan ya sha kaye sau uku a jere, alhali kuwa a watan Janairu na wannan shekarar ƙungiyarsa ta kai wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa. Da farko an lissafa diyyarsa a kan kimanin Dala miliyan 49. Sai dai kwantiraginsa ya wajabta masa neman wani aiki, ya kuma ba Penn State damar cire sabon albashinsa daga abin da take biya. Da Jami'ar Virginia Tech ta ɗauke shi a watan Nuwamba, sai ɓangarorin biyu suka daidaita a kan kimanin miliyan 9. Wato sharaɗin nan guda ya rage wa jami'ar kusan miliyan 40.

Saɗara ta gaba ita ce ta kora bisa laifi, wadda ke soke diyya gaba ɗaya, kuma a kanta lauyoyi suka fi cin abinci. Michigan State ta kori Tucker a watan Satumba na 2023 bisa zargin rashin ɗa'a, wanda ya musanta, ta kuma ƙi biyan kusan Dala miliyan 80 da suka rage. Shi kuwa ya garzaya kotu. LSU ta so ta bi irin wannan hanya da Kelly, wanda yake bin ta kimanin miliyan 54. Bayan an sanar da sallamarsa, sai aka fara nuna cewa ana iya ɗora masa laifi. Ya shigar da ƙara, kuma kafin watan Nuwamba na 2025 ya ƙare jami'ar ta amince a rubuce cewa ba bisa laifi ta sallame shi ba. Neman laifi bayan an riga an yanke shawara dabara ce mai rauni, domin kowa ya ga cewa sakamakon wasa ne ya jawo korar.

Akwai kuma maganar lokaci. Jami'ar Nebraska ta sallami Scott Frost ran 11 ga Satumba na 2022, ta biya Dala miliyan 15, bayan kuwa kwantiraginsa ya nuna cewa daga 1 ga Oktoba diyyar za ta faɗo zuwa miliyan 7.5. Haƙurin kwana 20 ya gagara, aka saya shi da miliyan bakwai da rabi.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa kowace irin wannan kora wauta ce. Masana tattalin arziki suna bambanta kuɗin da ya riga ya nutse da kuɗin da shawarar yau za ta jawo. Tun da an lamunce wa Fisher albashinsa, Texas A&M za ta biya shi ko ya zauna ko ya tafi. Ainihin abin da korar ta ƙara mata shi ne albashin magajinsa, Mike Elko, wanda ya fara da kimanin Dala miliyan 7 a shekara, da kuɗin sallamar mataimakan da aka kora tare da maigidansu, da na ɗaukar sababbi. Wannan adadi ne ya kamata a auna da hasarar da za a yi idan 'yan kallo suka ja baya, attajirai suka riƙe hannunsu, ƙwararrun 'yan wasa kuma suka koma wasu jami'o'i. Idan akwai ɓarna, a 2021 aka yi ta, ranar da aka tsawaita kwantiragin mutumin da ke da sauran shekaru da yawa a hannu.

Jami'o'in sukan kāre kansu da cewa ba kuɗin haraji ko na makarantar ɗalibai ake taɓawa ba. A Texas A&M, hukumar wasanni ta bayyana cewa kason farko zai fito ne daga gidauniyar masu ba da gudummawa, sauran kuma daga kuɗin shigar sashen wasanni. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba, domin Dalar da attajiri ya bayar don a sallami mutum, ita ce ba ta je ga gini ko tallafin karatu ba. Kazalika sassan wasanni da yawa ba su iya riƙe kansu sai da agajin jami'a.

Lissafin ya ƙara tsauri daga tsakiyar shekarar 2025, lokacin da wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin Dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko. Da wannan ma'auni, diyyar Kelly ta haura abin da aka yarje wa LSU ta raba wa dukkan 'yan wasanta cikin shekara biyu da rabi. Gwamnan Louisiana, Jeff Landry, ya fito fili ya soki daraktan wasannin jami'ar, Scott Woodward, wanda shi ne ya ɗauko Kelly a 2021, shi ne kuma ya ɗauko Fisher a 2017 lokacin yana aiki a Texas A&M. Kwanaki kaɗan bayan sallamar Kelly, Woodward ya bar kujerarsa, shi ma da tasa diyyar ta miliyoyin Daloli.