Yadda Ake Ƙera Jirgin Soja a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya yi karatu a Mando ya san wannan abin: malam yana tsakiyar bayani, sai ƙarar jirgi ta taso daga wajen barikin sojan sama, malam ya dakata da alli a hannu, 'yan bayan aji kuma su miƙa wuya ta taga. Galibi ƙananan jiragen koyo ne na makarantar horar da matuƙa ta 401, irin su Super Mushshak da Najeriya ta sayo daga Pakistan. Mun saba da su har mun daina tambayar abin da yake riƙe su a sama.

Akwai wasu mutane a duniya da wannan tambayar ta zama abin da suke kwana suna tashi da shi, alhali yawancinsu ba su taɓa zama a kujerar matuƙi ba. Su ne masu gina jiragen soja su saka su cikin wasannin kwamfuta na kwaikwayon tuƙin jirgi, su raba wa jama'a kyauta. Abin da suka gina ana ce masa mod, wato ƙarin da 'yan wasa suka yi wa wasa da hannunsu, ba kamfanin da ya yi shi ba. Darasinmu na wannan makon shi ne yadda suke yin aikin, domin rabinsa yana cikin littafin Fiziks ɗinmu.

Kada a haɗa waɗannan wasannin da na harbe-harben da ke wayoyinmu. A cikin DCS World na kamfanin Eagle Dynamics, kafin injin wasu jiragen ya tashi sai ka bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya yadda littafin matuƙi ya tsara, in ka tsallake ɗaya ka kwana a ƙasa. Akwai jiragen da rundunarmu take da irinsu a ciki: L-39 da ake koyon tuƙi da shi a Kano, da JF-17 wanda Najeriya ta karɓi guda uku a 2021. Waɗannan na sayarwa ne. Amma A-4E Skyhawk da ke cikin wasan 'yan sa-kai ne suka haɗu suka gina shi, kuma ba a biyan ko kwabo. Haka wasu suka gina A-29 Super Tucano, irin sha biyun da aka kawo mana a 2021. Wasu 'yan Italiya kuma sun fara MB-339 a matsayin mod na kyauta, aikin ya yi kyau har a 2022 aka fitar da sabonsa a kasuwa da amincewar kamfanin wasan. Shi ma MB-339 Najeriya ta taɓa sayensa. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Falcon 4.0, wasan da ya fito tun 1998. Kamfanin da ya yi shi ya daɗe da barinsa, amma 'yan wasa suka riƙe shi suna gyara, har yau ana buga shi da sunan Falcon BMS. Wasan ya girmi kowane ɗalibi a makarantar nan.

Fenti da gangar jiki

Mataki mafi sauƙi shi ne fenti. Jirgin cikin kwamfuta yana sanye da hoto kamar yadda mutum yake sanye da riga. In aka warware rigar aka shimfiɗa, za ka ga fiffike a nan, wutsiya a can, ciki a gefe, kamar yadin da tela ya yanka bai ɗinka ba. Sai ka buɗe hoton a manhajar zane irin GIMP, ka shafa launin da kake so, ka ɗora da'irar kore-fari-kore ta sojan samanmu. Da na gwada na farko, da'irar ta fito kamar ƙwai a jikin jirgin, rubutun ɓangaren hagu kuma ya fito a juye. Ashe wurin da jiki ya lanƙwasa yana jan hoto, kuma wanda ya gina jirgin ya yi tsimi, ya sa ɓangarorin biyu suna amfani da yanki ɗaya na hoton.

Na biyu shi ne gangar jikin. Ana gina ta a manhaja irin Blender, wadda ita ma kyauta ce. Duk santsin da kake gani a jikin jirgi, alwatika ne ƙanana dubbai aka jera. Mai gini yakan samo zanen jirgin ta fuska uku, gaba da gefe da sama, ya daidaita ma'auni, ya bi layi. Bayan nan sai ɗakin matuƙi, inda kowace allura da kowane maɓalli sai an rubuta musu umarni. A DCS ana yawan yin wannan da harshen kwamfuta mai suna Lua. Aiki ne mai cin watanni, shi ya sa ake raba shi: wani zane, wani sauti, wani lantarki.

Duk da haka, jirgin da aka tsaya a nan gunki ne. Ga kyau, ga sheƙi, amma in ka ja sandar tuƙi zai yi abin da wani jirgin daban yake yi, domin masu gaggawa sukan ari lissafin tashin wani jirgi su lulluɓe shi da sabuwar riga. 'Yan wasan da suka san abin ba su cika minti biyar ba su gane ba.

Lissafin tashi

A nan ne aikin gaske yake. Ƙarfi huɗu ne suke aiki a kan jirgi: nauyi yana jansa ƙasa, ɗagawar fiffike tana tura shi sama, inji yana tunkuɗa shi gaba, iska tana turje masa. Kwamfuta tana lissafa huɗun nan sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, ta yi amfani da dokar Newton ta biyu ta gano inda jirgin zai kasance a gaba. Ba ta san komai game da jirgin ba sai lambobin da mai mod ya ba ta. In ya ba ta ƙarya, ƙarya za ta tashi da ita.

Ga dabarar ɗagawa yadda take a littattafai: L = ½ × ρ × v² × S × C. Harafin ρ shi ne kaurin iska, wato kilogiram nawa ne a mita kubik ɗaya. V gudu ne. S faɗin fiffike. C kuma lamba ce da take ƙaruwa yayin da aka ɗaga hancin fiffike ga iska. Sai dai ƙaruwar tana da iyaka. In kusurwar ta wuce wajen digiri 15 a yawancin fiffike, iska takan saki bayan fiffiken, ɗagawa ta zube, jirgi ya sunkuya. Wannan iyakar ce take nuna mafi ƙarancin gudun da jirgi zai iya tafiya bai faɗo ba.

Mu ɗauki misali da jirgin gida. Air Beetle ƙaramin jirgin koyo ne mai kujera biyu da kamfanin AIEP ya harhaɗa a nan Kaduna, guda 60 aka yi odarsu domin sojan sama. An samo shi ne daga RV-6A na kamfanin Van's a Amurka, wanda faɗin fiffikensa ya kai murabba'in mita 10.2. Mu ƙaddara nauyinsa da mutum biyu da mai kilogiram 750 ne, mu kuma ƙaddara iyakar C ita ce 1.5. Waɗannan biyun mun zaɓe su ne don lissafi ya zo da sauƙi.

Nauyi: 750 × 9.8 = niyuton 7,350. Don jirgi ya tsaya a sama, dole L ta kai wannan. A bakin teku kaurin iska 1.225 ne. Saboda haka ½ × 1.225 × 10.2 × 1.5 = 9.37. Raba 7,350 da 9.37, ka sami 784. Tushen 784 shi ne 28. Ke nan mita 28 a daƙiƙa, kusan kilomita 101 a awa. Ƙasa da haka fiffike ba zai ɗauki jirgin ba.

To amma mu ba a bakin teku muke ba. Kaduna ta haura mita 600 a kan teku, kuma da rana tsaka a watan Maris ko Afrilu zafi yakan kai digiri 35. Tudu da zafi duk suna sirantar da iska, sai kaurinta ya sauko wajen 1.06. A sake lissafi: ½ × 1.06 × 10.2 × 1.5 = 8.11. Raba 7,350 da 8.11, ka sami kusan 906, tushensa kuma ya ɗan haura 30. Wato kilomita 108 a awa. Jirgi ɗaya, kaya ɗaya, amma a bazarar Kaduna sai ya ƙara gudun kilomita bakwai a awa kafin ya bar ƙasa, ga shi inji ma ƙarfinsa yana raguwa in iska ta yi siriri. Ma'anarsa sai ya ci titi mai tsawo. Matuƙi na gaske yana duba wannan kafin ya tashi, mai mod na gaske kuma yana gwada jirginsa a zafi da sanyi ya ga ko lambobinsa sun yi daidai da jadawalin da ke cikin littafin jirgin.

A lura da wannan v² ɗin ma. In gudu ya ninka, ɗagawa sau huɗu take ƙaruwa. Wannan tambayar tana iya fitowa a jarrabawa ko ba ka taɓa ganin wasan ba.

Wanda yake son taɓa abin da hannunsa, shawarata ya bar DCS tukuna. Yana buƙatar kwamfuta mai tsada, ga cin data, ga wutarmu da ba ta da alƙawari. FlightGear ya fi dacewa da mu: kyauta ne, 'yan sa-kai suke gina shi tun shekarun 1990, kuma lambobin jiragensa a fili suke cikin fayilolin XML da ko Notepad zai buɗe. Za ka ga layin faɗin fiffike, layin nauyi, layin da ya nuna inda tsakiyar nauyi take. Na taɓa matsar da tsakiyar nauyin wani ƙaramin jirgi baya don in ga abin da zai faru. Ko kunna inji ban yi ba ya zauna a kan wutsiya kamar akuyar da ta ƙi tafiya kasuwa. A ranar na fahimci darasin ma'aunin juyi da aka yi mana a aji biyu ban gane ba.

Inda ake samo lambobi

Tunda ingancin mod yana ga ingancin lambobinsa, masu yi sukan shiga farautar takardu, kuma a nan wasu suka ƙone hannunsu. A 2021 wani ɗan wasan War Thunder ya fitar da shafuka daga littafin sirri na tankar yaƙin Birtaniya mai suna Challenger 2, don kawai ya ci gardama cewa kamfanin wasan ya yi kuskure wajen zanenta. Kamfanin ya goge takardun, ya ce ba zai yi aiki da su ba. An sake yin irin haka da takardun jirgin F-16 a 2023. A 2019 ma wata kotun Amurka ta ɗaure wani ɗan Rasha mai aikin gina irin waɗannan wasannin saboda sayen littattafan jiragen yaƙin da doka ta hana fitar da su daga ƙasar. Shi ya sa masu hankali suke zaɓar tsofaffin jirage irin A-4E, waɗanda aka daɗe da sakin littattafansu.

Wannan ya shafe mu fiye da yaran wasu garuruwan. A ajinmu akwai 'ya'yan sojoji, akwai masu shiga bariki kullum. Kada wani ya ce zai ɗauko takarda daga jakar babansa, ko ya tsaya a bakin waya yana ɗaukar hoton jirage don ya samu launi daidai. Wurin tsaro ne, kuma kowa ya san halin da yankinmu ya shiga a 2021, daga sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka zuwa harin da aka kai NDA. Sojan da ke gadi ba zai tsaya jin bayanin mod ba, uban da takardarsa ta fita kuma aikinsa ne a kan layi. Hotunan da rundunar ta wallafa da kanta da ma'aunan da kamfanoni suka buga sun isa aikin ɗalibi.

Wata malama da ta ga rubutun nan kafin a manna shi ta ce ba ta jin daɗin a mai da yaƙi wasa. Ban iya musa mata ba. A cikin wasa in ka jefa bam a inda bai dace ba, maɓalli ɗaya za ka danna a sake. Mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi, waɗanda jirgin soja mara matuƙi ya kashe musu 'yan uwa a taron Mauludi cikin Disamba 2023, ba su da wannan maɓallin. Wannan na cikin dalilin da ya sa na zaɓi jirgin koyo mara makami a misalinmu, kuma shi nake ba ƙungiya shawarar ta fara ginawa in Allah ya ba mu kwamfuta.

Lissafin kuwa ba a wasa ya tsaya ba. Cikin barikin nan da muke wucewa kullum akwai AFIT, cibiyar fasaha ta sojan sama, wadda take ɗaukar farar hula ta hanyar JAMB, har da masu karanta injiniyancin jiragen sama. A Kaduna aka ƙaddamar da jirgi mara matuƙi na Gulma a 2013, da Tsaigumi a 2018. Masu son tuƙin jiragen fasinja kuma ga kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964. Dukansu sai da Lissafi da Fiziks.

Aikin wannan makon

Da asubahin hunturu, in sanyi ya sauko digiri 15, kaurin iskar Kaduna yakan kai wajen 1.14. A lissafo mafi ƙarancin gudun jirginmu a wannan safiyar, a mita a daƙiƙa da kuma kilomita a awa. Sannan a sauke mutum ɗaya mai kilogiram 70 a sake lissafi. A rubuta suna da aji, a nuna duk matakan, a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin tashi ranar Alhamis. Za mu manna amsoshi uku na farko da suka yi daidai a nan gefen allo.