Odar Abinci a Matsayin Ma'aunin Kuzarin Birni

Masanin halittu ba ya auna kuzarin dabba da ido, sai dai ya ƙididdige iskar oksijin da take shaƙa. Irin wannan dabara ce masu nazarin birane a ƙasar Sin suka ara. Tun 2013, lokacin da kamfanin Meituan ya fara kai dafaffen abinci gida-gida, duk wanda ya yi oda ta wayar salula yakan bar sawu, wato unguwarsa da lokacin da ya saya. Idan aka zuba waɗannan bayanai a kan taswira, sai a gane unguwar da ke farke har tsakar dare, da wadda ke cike da benaye amma ba mazauna. Hoton hasken dare daga tauraron ɗan'adam kan ruɗi mai nazari a nan, domin fitilar titi tana ci ko da ba kowa.

Sai dai ɗalibi ya lura da naƙasun wannan ma'auni. Jane Jacobs, a littafinta na 1961, ta danganta rayuwar birni da cuɗanyar jama'a a bakin titi. Mai oda kuwa yana ɗaka. Da aka rufe birnin Wuhan a 2020 saboda korona, 'yan babur sun ci gaba da kai abinci, alhali tituna wayam. Dattijuwar da ke cefane a kasuwa ta girka da hannunta kuwa, ba ta ma shiga lissafin ba.