Amalanke Da Kai Taki Gona

Karaye da Rogo garuruwa ne a yammacin Jihar Kano. Ƙasarsu ƙasar noma ce, ana shuka masara da dawa da gyaɗa da auduga, ga kuma rake a fadamu. Kusa da Karaye akwai madatsar ruwa ta Calawa, wadda aka gama a 1992, har ana noman rani a bakinta. Amma ƙasa kamar mutum take, in ta yi aiki ba ta ci ba sai ta gaji. Abincinta kuwa shi ne taki.

Takin gida shi ne kashin shanu da na awaki da tumaki da kaji, tare da toka da sharar tsakar gida. Ana tara shi a turke ko a juji har ya ruɓe. Da bazara sai a kai shi gona, a zuba tsibi-tsibi, in ruwa ya kusa sauka a baza.

A da jaki ne ke wannan aiki. Akan ɗora masa mangala, a cika ta, yaro ya kora shi zuwa gona. Har yanzu jaki bai bar aikinsa ba, sai dai abin da yake ɗauka kaɗan ne. Wajen 1928 aka fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu. Da shanun suka saba da karkiya, sai aka riƙa ɗaura musu amalanke. Daga baya tarakta ta zo da tirela, wata ma tana ɗaga bayanta ta juye kaya da kanta kamar tifa.

Manomi mai hankali ba ya sayen amalanke don ya ga ta yi kyau. Da farko yakan dubi ƙarfin shanunsa, don babbar amalanke ba ta dace da ƙananan bijimai ba. Sa'an nan ya dubi ƙarfen da ya riƙe ƙafafun, ya tabbata bai lanƙwashe ba, waldar kuma ba ta tsage ba. Ya duba tayoyi, ya ƙwanƙwasa katako ko ya ci, gama danshin taki yana cin katako, yana sa ƙarfe tsatsa. Wanda ya bi sauƙin kuɗi kaɗai yakan ƙare a wurin mai gyara. Araha ba ta ado.

Loda taki ma sai da dabara. Amalanke ƙafa biyu gare ta, saboda haka a zuba nauyi a tsakiya, bisa ƙafafun. In kaya ya yi yawa a gaba, karkiya za ta danne wuyan shanu har ta yi musu miki. In kuwa ya yi yawa a baya, gaban amalanke zai tashi sama, igiya ta shaƙe su. A tuna kuma jiƙaƙƙen taki ya fi busasshe nauyi ƙwarai, kada a cika amalanke da shi har baki. Sawu biyu cikin lafiya sun fi sawu ɗaya da karaya.

A kan hanya babu gaggawa. Yawancin amalanken shanu ba su da birki, in aka zo gangare nauyin kaya yakan tura shanu gaba. Nan sai mai kora ya sauka, ya riƙe su, ya bi da su a hankali. Kada a bi gefen rami ko bakin kwazazzabo, domin in ƙafa ɗaya ta faɗa, amalanke za ta kife. Da sassafe da la'asar su ne lokacin aiki; da tsakar rana a kwance shanu, a shayar da su a inuwa.

Wurin juyewa shi ne wurin da haɗari ya fi yawa. A tsaya inda ƙasa take a shimfiɗe, a sa dutse a tare ƙafafun, a tabbata ba kowa a baya. Mai tarakta kuma, tun kafin ya tashi daga gida, sai ya duba ƙusar da ta haɗa tirela da tarakta. In zai ɗaga tirela ya dubi sama, kada ta taɓa wayar lantarki. Wani lokaci taki yakan manne a ciki, ya ƙi zubowa. To, kada wani ya shiga ƙarƙashin tirelar da aka ɗaga, sai an tokare ta da ƙarfe mai ƙarfi. Ƙarfin mai ne ke riƙe da ita a sama, in bututun ya fashe za ta faɗo nan take, ba mai iya tare ta.

Yara suna son hawa bayan amalanke, wasu ma sukan maƙale tana cikin tafiya. Wannan mugun wasa ne. Wanda ya zame ya faɗa gaban ƙafa, shanu ba su san ya faɗi ba. Yaron kirki yakan taimaki mahaifinsa da loda da bazawa, amma yakan tsaya nesa sa'ad da ake juyewa. Ba ya shiga taki da rauni a ƙafa ba takalmi, gama akwai ƙwayoyin cuta a ciki. In an gama, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Bayan aiki a kankare amalanke, a sa wa ƙafafunta giris, a ajiye ta inda ruwa ba zai dake ta ba. Wanda ya kula da ita haka, za ta kai masa taki da bazara, ta kuma kawo masa dammunan hatsi gida da kaka.

Tambayoyi
1. Da me da me ake haɗa takin gida?
2. Me zai faru in kaya ya yi yawa a bayan amalanke?
3. Don me ba a shiga ƙarƙashin tirelar da aka ɗaga?