Aikin ya ishe ni, rubutu nake so

Zuwa ga Anti. Ni budurwa ce, na yi digiri a fannin Hausa, amma aikin da na samu shi ne karɓar kuɗi a wani babban kantin kayan masarufi a Kano. Ina fita da sassafe, ba na dawowa sai bayan magariba. Da albashin nake taimaka wa Umma, ina biyan kuɗin makarantar ƙannena, don haka ba na raina shi. Sai dai zuciyata ba ta wurin. Tun ina sakandare burina in zama marubuciya, ga littafin da na fara ya tsaya a tsakiya. In na dawo gida gajiya ba ta barina in ɗauki biro. Yanzu har na fara ɗaure wa masu sayayya fuska. In ajiye aikin in fuskanci rubutu, ko in haƙura da burin?

'Yarki, daga Kano

'Yata, Allah ya yi miki albarka da ɗawainiyar da kike yi da mahaifiyarki.

Kada ki ajiye aikin yanzu, kuma kada ki binne burin. Littafin farko ba kasafai yake ciyar da mai shi ba, sau da yawa ma marubuci ne ke biyan kuɗin ɗab'i daga aljihunsa. In kika bar albashi a wannan hali, kin saki reshe kin kama ganye, kuma tunanin cefanen gida zai cinye miki hankali fiye da yadda kanti ke cinye miki lokaci.

Dubi Abubakar Imam. Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, don gasar da aka shirya a 1933. Bai jira ya bar aji ba. Rubutun da ya yi yana bakin aiki shi ya buɗe masa ƙofar Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939.

Abin da ke karya miki gwiwa shi ne kanti na ɗauke ƙarfinki duka, rubutu kuma sai abin da ya rage. Ki sauya tsarin. Bayan sallar asuba, kafin hayaniyar gida ta tashi, ki ba littafinki minti 40. Shafi ɗaya a rana ya isa. In kika riƙe shi, cikin wata shida kina da shafi kusan 180. Hakan na nufin ki rage riƙe waya da daddare ki kwanta da wuri.

Ki kuma sa wa kanki wa'adi, domin burin da ba shi da rana yakan zama hira. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta mata ce zalla. Ki rubuta gajeren labari ki aika. Ki nemi reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ki karanta musu abin da kika rubuta, ki saurari gyara. Daga albashi kuma ki shiga adashe, ko da ƙarami ne, da sunan kuɗin buga littafin.

Batun ɗaure fuska kuwa, ki gyara shi tun yau. Aikin amana ne, masu sayayya ba su yi miki laifi ba. Kuma su ne jarinki: uwar da ke mayar da madara saboda kuɗinta bai kai ba, ango da ke sayen kayan lefe, yadda kowa ke magana. Ki ajiye ɗan littafi a jaka kina rubuta abin da kika gani.

Amma in ana wulaƙanta ki ne, ko ana riƙe miki albashi, wannan daban ne. Ki nemi wani aikin tun kina kan wannan. In kuwa gundura ce kawai, ki daure, ki kammala littafin. Ranar barin kanti ita ce ranar da rubutu ko wani aikin da ya fi kusa da shi ya fara ɗaukar nauyin Umma da ƙannenki. Allah ya sa albarka a alƙalaminki.