Darasin Kimiyya: Kada Damina Ta Cinye Mana Tocila

Duk ɗalibin da ke karatun dare a Sabuwa ya san darajar tocila. Amma sau nawa muka dawo daga dogon hutu, muka ciro ta daga akwati, muka kunna, shiru? Muna buɗewa sai ga tsatsa da farin gari sun cinye sufirin.

Aikin danshi ne. Hutunmu yana faɗowa tsakiyar damina, a watan Agusta, lokacin da iska ke cike da laima. Danshi da iska in suka haɗu a jikin ƙarfe sai tsatsa, ita kuwa tsatsa tana hana wuta wucewa. Shi ma batir in ya daɗe a ciki, yakan tsiyayar da ruwan da ke cin ƙarfe.

Ga abin da za mu yi kafin mu ajiye ta:

1. Mu cire batir, mu ajiye shi daban.
2. Mu goge tocilar ciki da waje da busasshen tsumma.
3. Mu sa ta a gwangwani mai murfi, tare da 'yar jakar ƙwayoyin nan da ke zuwa a kwalin sabon takalmi. Danshi take tsotsewa. In babu, mu ƙulle busasshen gawayi a ƙyalle.
4. Kada mu ajiye ta a ƙasa, ko jikin bango, ko kusa da randa.
5. Mai caji kuwa, mu riƙa yi mata caji duk wata, don batirinta kan mutu in ya daɗe babu wuta.

Aikin minti 5 ne, kuma ya fi mana sauƙi da mu sake roƙon kuɗin sabuwa a gida ana gobe jarrabawa.