Fijon Baba

'Ya'yana, akwai motocin da kuke wucewa a bakin gareji, tayoyinsu sun sace, fenti ya kwaile, ku ce ai wannan sai 'yan gwangwan. Mafi yawansu Fijo ne, 404 ko 504. Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, bai bar mana gidaje da filaye ba, amma ya bar mini son waɗannan motoci, kuma ina so ku san dalilin da ya sa zuciyata ke sosuwa idan na ga an sa guduma ana farfasa ɗaya.

A shekarar 1960 kamfanin Peugeot ya fito da 404 a Faransa, kuma a Afirka ta yi sunanta. Ta cinye tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963, ta sake cinyewa sau uku a jere, daga 1966 zuwa 1968, a kan hanyoyin laka da gargada irin waɗanda kakanninku suka sani. Sai 504 ta biyo baya a 1968. Daga 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri, cikin Kaduna, da hannun mutanenmu. A wancan lokacin Fijo ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce ta haya a tasha, daga Kano zuwa Maiduguri ko Sakkwato, bayanta maƙare da buhuna. A Turai an daina ƙera 504 tun 1983, amma a Kaduna ba a tsaya ba sai wajen 2006. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku yadda ta dace da ƙasar nan.

Ta Baba 404 ce, fara, mai giya a jikin sitiyari. Bayan sallar asuba ba ya tayar da ita sai ya buɗe bonet. Ya duba ruwan lagireta, ya danna fanbel da babban yatsa ya ji ko ya saki, sannan ya zaro sandar awon baƙin mai, ya shafo kaɗan ya murza tsakanin yatsunsa. Idan ya ji tsaki-tsaki ko ya ga man ya tsinke, to ranar za a yi juye. Da ta tashi kuwa, sai ya ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Daga nan yake gane inda ƙara ke fitowa. Wata rana ya kara mini a nawa kunnen, na ji bugun cikin injin rass, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Tun daga ranar ban ƙara yi wa mota kallon ƙarfe kawai ba.

Shi ya koya mini karatun fulogi. Idan ka kwance shi ka ga bakinsa ya yi baƙi da toka busasshiya, fetur ya yi yawa, a duba kabireta. Idan ya jiƙe da mai, ringi sun cinye ko kuma mai na zurarowa daga sama. In kuwa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau, mayar da shi. Ba ya yarda a jefar da abin da za a iya wankewa a gyara, kuma ban taɓa ganin ya ɗaure noti da fushi ba. Idan abu ya ƙi kwancewa, sai ya ɗiga masa mai, ya tafi ya sha shayi, ya dawo.

Kada ku ɗauka ina kushe motocin zamani. Sun fi tsimin mai, sun fi kare rai idan aka yi hatsari, kuma duk mai tuƙa tsohuwar mota ya sani ba ta da jakar iskar nan da ke tare direba, don haka ya rage gudu, ya kula da birkinsa fiye da fentinsa. Abin da ke damuna shi ne, yau mutum yana da mota amma bai san komai a cikinta ba. Fitilar gargaɗi ta kama a gabansa, a jona kwamfuta, a ce canza kaza, ya biya ya tafi. Tsohuwar Fijo tana barin mai ita ya fahimce ta, kuma yaron da ya fahimci injin ɗaya ba ya tsoron buɗe janareta ko injin ban ruwa.

Sai dai ku yi hattara, son nan yana da cin kuɗi. Baba bai taɓa taɓa kuɗin cefane ko na makarantarmu don mota ba. Idan babu, sai ya lulluɓe ta da tamfol ta jira albashi. Ku ma ku bi a hankali. Har yanzu ana dacewa da kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, ga mai haƙurin nema.

Abin da ke ƙarewa da sauri shi ne masu sanin aikin. Tsofaffin makanikan da suka iya saita kabireta da kunne suna ta raguwa, yaransu kuma sun koma kan motocin zamani. Ku je wurinsu tun suna nan. Ku gaishe su da ladabi, ku riƙe musu sifana, ku yi tambaya. Wanda kuma mahaifinsa ya rasu ya bar irin wannan mota a gida, don Allah kada ya yi saurin kiran 'yan gwangwan. Ya fara kai wa tsohon makanike ya duba ta tukuna.