Ga Mai Niyyar Zuwa Karatu Turkiyya

Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, yawanci ana buɗe shi ne daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, kuma ta intanet ake cikewa, kyauta. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya a ciki, aljihunka yake nema.

Ka fara duba shekarunka. Mai neman digiri na farko sai yana ƙasa da 21, na biyu ƙasa da 30, na uku ƙasa da 35. Ana son maki 70 cikin 100 ga digiri na farko, amma likitanci sai 90. Sannan ka baje takardunka a kan tabarma ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan fasfo ya ce Mohammed, takardar WAEC ta ce Muhammad, ta haihuwa kuma ta zo da wani watan daban, ka gyara tun yanzu, kada ka bari sai an kira ka ganawa.

Wajen zaɓen jami'a, kowa Istanbul yake rububi. A ganina mai wayo ya haɗa da irin su Konya, Kayseri ko Sakarya, inda rayuwa ta fi araha. Sai dai ka binciki yanayin gari kafin ka zaɓe shi. Hunturun Kano wasan yara ne a kan na Erzurum, inda dusar ƙanƙara ke shafe watanni a ƙasa. Rigar sanyin ma ka bari sai ka isa, ta can ce ta san sanyin can.

Tallafin ya ƙunshi kuɗin makaranta, ɗakin kwana, inshorar lafiya, tikitin jirgi da alawus na wata-wata, amma shekarar farko ta koyon Turkanci ce. Kada ka raina ta. Ɗalibin da ya lafe cikin 'yan uwansa Hausawa yana hira dare da rana zai sha wuya ranar da malami ya fara zuba darasi. Ka shiga kasuwa ka yi ciniki, a yi maka dariya, ka sake gwadawa.

Ka riƙe ɗan guzurin dala, domin alawus ba ya shigowa sai ka buɗe asusun banki, ga kuma darajar lira da ke yawan faɗuwa. Da zarar ka sauka ka soma neman takardar izinin zama, wadda suke kira ikamet, tun kafin bizarka ta ƙare.